Daga Waya Zuwa Ido da Ido: Yadda Ake Ganawa da Abokan Hulɗar Aiki na Intanet a Legas

Mutum zai iya shekara biyu yana musayar saƙo da wani a LinkedIn ko a zauren WhatsApp na 'yan kasuwa, suna yaba wa juna, suna tura wa juna labarai. Amma ranar da kwangila ta faɗo, ko aka buɗe gurbin aiki, sunan da zai fara zuwa bakin wancan shi ne na wanda ya taɓa zama da shi suka sha shayi. Ba son kai ba ne. Duk wanda zai ba da sunanka ga maigidansa, nasa mutuncin ya ɗora a kanka, kuma ba ya ɗora shi a kan hoton da ke jikin waya.

Hausawan Ikko sun san wannan tun zamanin fataucin goro a Agege. Baƙon ɗan kasuwa yakan sauka ne a wurin mai masauki, shi ne zai ajiye masa kaya, ya haɗa shi da dillali, ya tsaya masa idan aka ba da bashi. Mai masauki ya san inda kowa yake zaune, ya san wa ya san wa, ya san wanda ya taɓa cin amana. Intanet ta kawo mana abokan hulɗa da yawa, amma ba ta zo da mai masauki ba. Saboda haka aikinsa ya dawo kanka: ka san mazaunin mutumin, ka san wanda zai tsaya masa, ka gwada shi da ƙaramin abu kafin babba. Ganawar farko ta wannan aikin ce, ba ta ƙulla ciniki ba.

Wa ya cancanci ka ci gosulo dominsa

A Legas ganawar awa ɗaya tana iya cinye maka wuni guda, don haka ba kowa ake nema ba. Ka duba waɗanda kuke magana da su, ka ware wanda ya cika aƙalla biyu daga cikin waɗannan: kun yi musayar magana mai ma'ana fiye da sau uku, ba gaisuwar Juma'a kawai ba, akwai takamaiman abin da za ku iya yi tare cikin wata uku masu zuwa, akwai wani mutum na uku da ya san ku duka, kana da abin da za ka amfane shi da shi. Na ƙarshen nan shi aka fi mantawa. Idan duk abin da za ka kai shi ne roƙo, jira tukuna har ka sami abin riƙewa a hannu, ko da labarin farashin albasa ne a Aliero ga mai sayen kaya a kasuwar Mile 12, ko sunan amintaccen direban tirela ga mai kamfanin da ke son kai kaya Kano.

Bincike kafin a sa rana

Wannan matakin ya fi sauran muhimmanci, kuma ba ya cin fiye da yini biyu.

Fara da kiran bidiyo na minti goma. Ka ce kana son ku gaisa kafin ku haɗu. Fuskar da ka gani ta dace da hoton da ke shafinsa? Bayansa ofis ne ko shago kamar yadda ya faɗa? Wanda ya ƙi kiran bidiyo sau biyu, yau kyamara ta lalace, gobe babu sabis, ka ajiye maganar ganawa.

Idan ya ce yana da kamfani, nemi cikakken sunan kamfanin da lambar rajistarsa. Kamfani mai rajista da CAC, hukumar rajistar kamfanoni ta ƙasa, lambarsa tana farawa da RC, sunan kasuwanci kuma da BN, kuma shafin hukumar yana da wurin bincike da kowa zai iya shiga kyauta. Ka duba sunan, da ranar rajista, da adireshin. Wanda ya ce ya shekara goma yana shigo da kaya amma rajistarsa ta watan jiya ce, akwai tambayar da zai amsa. Sai dai ka sani, samun suna a CAC yana nuna kamfanin yana nan ne kawai, ba ya nuna cewa mai maganar ma'aikacinsa ne. 'Yan damfara sukan ari sunan kamfani na gaskiya. Maganin wannan shi ne ka nemo lambar kamfanin da kanka, daga shafinsu, ba wadda shi ya ba ka ba, ka kira ka tambaya ko suna da mai wannan sunan.

Sannan lambar asusun banki. Ko ba za ka tura komai ba, idan ya taɓa ba ka lambar asusu, shigar da ita a manhajar bankinka ka ga sunan da zai fito, ka fasa kafin turawa. Idan sunan ya bambanta da nasa ko na kamfanin, kuma bayanin shi ne "na ƙanena ne", ka riƙe wannan a ranka.

Daga nan sai tambayar mutane, wadda ta fi duk na baya. Idan Bahaushe ne mai harka a Mile 12, ko mayankar Oko-Oba a Agege, ko cikin 'yan canji, to yana da layi, yana da shugaban layi, yana da ƙungiya. Mutum ɗaya da ka sani a kasuwar ya isa ya gano maka shi kafin la'asar. Unguwannin da Hausawa suka daɗe, irin su Agege da Idi-Araba da Obalende, suna da sarakunan Hausawa da limamai da suka san jama'arsu. Idan kuma ma'aikacin ofis ne ko mai harkar fasaha, duba mutanen da kuka haɗa sani a LinkedIn, ka zaɓi ɗaya ka tambaye shi. Kada ka ce "ka san wane?", domin kowa zai ce ya san shi. Ka ce "kun taɓa yin aiki ko ciniki tare? Yaya kuka rabu?" Ka saurari amsar, ka kuma saurari jinkirin da aka yi kafin a ba da ita.

Shi ma yana da haƙƙin ya bincike ka. Ka sauƙaƙa masa: ba shi cikakken sunanka, da inda kake zama a kasuwa ko ofis, da sunan wanda zai iya tambaya a kanka.

Yadda ake neman ganawar

"Ya kamata mu haɗu wata rana" ba gayyata ba ce, kuma a Legas wata ranar ba ta zuwa. Saƙon da ake amsawa yana ɗauke da abu huɗu: dalili, tsawon lokaci, ranaku biyu da zai zaɓa, da wuri kusa da shi. Misali:

"Salamu alaikum Alhaji, da fatan an tashi lafiya. Maganar da muka fara kan kai busasshen barkono ga masu sarrafa abinci, ina ganin za ta fi kyau ido da ido. Zan shigo Ikeja ranar Talata da Laraba. Idan Alhaji zai ba ni minti arba'in, da hantsi ko bayan azahar, sai in same ka a inda ya fi maka sauƙi. Zan zo da samfur."

Ga wanda ba Bahaushe ba, haka za ka tsara shi da Turanci, amma ka taƙaita gaisuwar, ka sa dalilin a layin farko, domin ma'aikacin Victoria Island a tsaye yake karanta saƙo. Ka tura kwana biyar zuwa bakwai kafin ranar. Idan shiru, tuni ɗaya bayan kwana uku ya isa. Na biyu ya zama naci.

Ƙa'idar da ba a rubuta ba ita ce, mai nema shi ke tsallaka gada. Idan kai ka nemi zaman, ko shi ne babba a shekaru ko a matsayi, kai za ka je ɓangarensa. Idan tsaranka ne kuma buƙatar ta ku biyu ce, ku raba hanya.

Wuri da lokaci

Legas kashi biyu ce ga mai shirya ganawa: tsibiri, wato Lagos Island da Ikoyi da Victoria Island har zuwa Lekki, da kuma tudu, wato su Yaba, Surulere, Ikeja, Agege, Ketu. Gadoji uku ne suka haɗa su, Carter da Eko da Third Mainland mai tsawon kilomita 11.8. Da safe motoci tsibiri suke kwarara, da yamma su juyo. Wanda ya sa ganawar ƙarfe 9 na safe a Victoria Island alhali yana kwana a Agege, ya shirya fita daga masallacin asuba kai tsaye. Wanda kuma ya bari ƙarfe 4 na yamma ta same shi a Lekki, a mota zai yi magariba, wataƙila har isha'i.

Lokacin da ya fi dacewa shi ne tsakanin ƙarfe 11 na safe da 2 na rana, Talata zuwa Alhamis. Litinin kowa yana fama da aikin da ya taru. Juma'a ga sallah, ga cunkoson yamma da ya fi na kowace rana, musamman hanyar fita ta Berger. Ranar Alhamis kuma kasuwannin Legas ba sa buɗewa sai ƙarfe 10 na safe saboda sharar mako, don haka kada ka sa wa ɗan kasuwa lokaci kafin nan. Asabar da hantsi tana da kyau ga ma'aikatan ofis, hanya ma ta fi sauƙi, sai dai ranar bukukuwa ce, ka tambaya tukuna. Da damina, musamman Yuni da Yuli, ruwan awa biyu yana iya cika titunan Lekki da Victoria Island, don haka ku yi yarjejeniya tun farko cewa idan aka tashi da ruwa za ku yi waya ƙarfe 8 ku sake shawara.

Ganawa biyu a rana ita ce iyaka, kuma su kasance a ɓangare ɗaya na gada. Baƙin da suka zo daga Arewa na kwana uku su suka fi faɗawa wannan ramin: su jera mutum huɗu a rana, ɗaya a Apapa, ɗaya a Ajah, ɗaya a Ikeja, su ƙare da ganin mutum ɗaya da ba wa uku haƙuri.

Wurin zaman farko ya zama na jama'a, mai kujera, wanda za ku ji maganar juna. A tudu, gidajen abinci da ke cikin Ikeja City Mall a Alausa, ko na unguwar GRA, sun wadatar. Yaba ta dace da masu harkar fasaha, nan ne cibiyar fasaha ta CcHUB take tun 2011, kuma tsakiya ce ga mai zuwa daga tsibiri da mai zuwa daga Ikeja. A tsibiri, zauren karɓar baƙi na babban otal ya fi gidan rawa da ake kira wurin shaƙatawa, inda kiɗa ba zai bar ku ku ji juna ba kuma giya ce a kowane tebur. Ka duba akwai masallaci ko wurin sallah kusa, kada azahar ta kama ka kana neman inda za ka yi alwala.

Ofishinsa ko shagonsa fa? Idan bincikenka ya yi kyau kuma wurin a bainar jama'a yake, rumfa a kasuwa ko bene mai maigadi da littafin baƙi, to ya ma fi, domin za ka ga mazauninsa da idonka. Abin da ba a yarda da shi ba a zaman farko: ɗakin otal, gida, sito a bayan gari, da duk wurin da aka ce "ka tsaya a mahaɗa, yarona zai zo ya ɗauke ka".

Ka nemi cikakken adireshi, da alamar da ke kusa, da tambarin wurin a taswirar waya, domin sunaye a Legas suna ruɗarwa. Tashar jirgin ƙasa ta Alaba da ke kan layin Blue Line ba ita ce kasuwar Alaba International ba, kasuwar tana can Ojo, da sauran tafiya mai nisa. Haka kuma Trade Fair da 'yan kasuwa ke nufi ita ce babbar kasuwar da ke kan titin Badagry, amma baje kolin da ƙungiyar 'yan kasuwa ta LCCI ke shiryawa duk watan Nuwamba, wanda shi ma Trade Fair ake ce masa, a dandalin Tafawa Balewa ake yin sa, a tsibiri. Wannan baje kolin, tun da an ambace shi, dama ce mai kyau: mutane da yawa da ka sani ta waya za su kasance a wuri ɗaya, sai ka yi gajerun gaisuwa da biyar ko shida, ka ware biyu da za ka nema daga baya. Idan kuma wurin cikin rukunin gidaje ne a Lekki, sai an turo maka lambar shiga ƙofa, manyan benayen ofis kuma sukan nemi katin shaida. Ka tambaya tun daren.

Hanya

Jiragen ƙasa na cikin gari sun sauƙaƙa wasu hanyoyin. Blue Line ya fara ɗaukar fasinja a Satumban 2023 tsakanin Marina da Mile 2. Red Line kuma ya fara a Oktoban 2024 daga Agbado zuwa Oyingbo, yana tsayawa a Agege da Ikeja da Oshodi da Mushin da Yaba, wato mazaunin Agege zai iya isa Yaba ba tare da ya shiga gosulon Oshodi ba. Ka duba jadawalin ranar kafin ka dogara da shi. Da katin Cowry ake biyan su, shi ne kuma na motocin BRT, ka sa masa kuɗi tun jiya. Kada ka sa acaɓa a lissafinka: tun Yunin 2022 gwamnatin jihar ta hana shi a ƙananan hukumomi irin su Ikeja, Surulere, Apapa, Eti-Osa, Lagos Island da Lagos Mainland, kuma dokar tana hawa kan fasinja ma.

Idan Uber ko Bolt za ka hau, gwada lambar motar da fuskar direban da abin da manhaja ta nuna. Idan danfo ne, wato ƙaramar bas ta haya, ka shiga a tasha. Motar da ta tsaya a bakin titi tana cewa saura mutum ɗaya, ita ce hanyar 'yan fashin da ake kira wan-cans, musamman da asuba da bayan magariba.

Duk abin da taswirar waya ta ce tafiyar za ta ci, ƙara rabinsa a kai. Ka yi niyyar isa minti ashirin kafin lokaci, ka huce, ka goge zufa, ka zaɓi tebur. Kafin ka fita, tura wa ɗan uwa ko abokin aiki sunan mutumin, da lambarsa, da adireshin, da lokacin da kake sa ran gamawa, ka kunna masa wurin da kake kai tsaye a WhatsApp na awa 8. Lambobin gaggawa na jihar su ne 112 da 767. Waya ta cika da caji, da abin ƙara caji a aljihu. Kuɗin hannu na mota da abinci kawai.

Ga 'yar uwa mai sana'a ko ma'aikaciya: ki je da wani, muharraminki ko abokiyar aiki, ki kuma faɗa tun a saƙo cewa ku biyu ne za ku zo. Mai niyyar aiki ba zai damu ba. Wanda ya fara neman a canza lokaci zuwa dare, ko wuri zuwa inda ya sauka, ya riga ya ba ki amsar da kike nema.

Zaman kansa

Shiga ta kamala ta isa. Kaftani mai guga da hula suna shiga kowane ofis a Legas, ba sai ka sa kwat ba, babbar riga kuma ta yi yawa ga zaman shayi.

Gaisuwa tana bin wanda ka tarar. Da Bahaushe babba, ka ba gaisuwa haƙƙinta, gajiya, iyali, kasuwa, ka bar shi ya buɗe maganar aiki. Da Bayarabe wanda ya girme ka, ɗan rusunawa da "E kaaro sa" da safe ko "E kaasan" da rana suna buɗe ƙofa fiye da yadda kake zato, kuma kada ka kira shi da sunansa kai tsaye, ka sa Mista ko Alhaji ko Cif, duk wanda ake kiran sa da shi. Da matashin ma'aikacin kamfani, gaisuwar minti ɗaya ce sai aiki, kuma ba raini ba ne. Idan ba ka musabaha da mata, ko ba kya yi da maza, hannu a ƙirji da murmushi tun kafin a miƙo hannu ya fi a bar hannun mutum a iska. Yawancin mutanen Legas sun san wannan.

Minti arba'in ɗin nan, ga yadda za ka kashe su. Biyar na farko gaisuwa da tuna inda kuka haɗu, ka ambaci wani takamaiman abu da ya rubuta ko ya faɗa, don ya san ka karanta da gaske. Ashirin na tsakiya nasa ne. Tambaye shi yadda aikin yake tafiya a zahiri: daga ina yake samun kaya, me ya fi ba shi wahala a bana, wane irin abokin hulɗa ne ya taɓa ba shi ciwon kai. Mai gaskiya yana amsa irin waɗannan da ƙananan bayanai, sunan kasuwa, kwanakin da kaya ke yi a hanya, abin da ya lalace masa bara. Mai ƙarya manyan lambobi yake kawowa da sunayen manyan mutane. Goma na gaba naka ne: abin da kake yi, a jimla uku, da abin da ka zo da shi. Idan samfur ne, ɗora shi a tebur ya taɓa, ya shinshina. Idan aikin kwamfuta ne, ka sauke shi a kan na'urarka tun a gida, kada ka tsaya jiran intanet ɗin gidan abinci. Biyar na ƙarshe na mataki ɗaya ne da za ku ɗauka, da ranar da za a yi shi.

Wayarka ta kwanta a kife. Ɗan littafi da biro sun fi, domin rubuta abin da mutum ya faɗa girmamawa ce, danna waya kuwa ko rubutun kake yi kamar hira kake da wani. Kada ka ɗauki murya ko hoto sai da izini, kada kuma ka sa hoton a Facebook sai ya yarda. Akwai wanda ba ya son maigidansa ya san yana ganawa da wasu.

Siyasa da ƙabila da addini, bar su a waje, ko shi ya jawo su. Haka zagin wani da kuka sani a zaure ɗaya. Abin da ka faɗa a kan wani, ya san za ka faɗa a kansa.

Lokaci na cika, kai ka fara cewa "na ce minti arba'in, ga shi sun cika, kada in riƙe ka". Idan yana jin daɗin zaman shi zai ce ka zauna.

Wanda ya gayyata shi ke biya. Ka duba farashin wurin tun kafin ka zaɓe shi, ka kuma tuna cewa a gidajen abinci na Legas ana ɗora harajin VAT na kashi 7.5 da harajin jiha na kashi 5 a kan abin da ke rubuce, wasu su ƙara kuɗin hidima. Shayi ko lemo da ɗan abin taɓawa sun isa. Idan babba ne ya rantse shi zai biya, ka yi tayi sau ɗaya ka bar shi, ka ce na gaba naka ne, wannan ma ƙofar zama na biyu ce. Tsaraba kaɗan tana da daɗi, ƙullin kilishi ko dabino ko ɗan turare. Amma ga ma'aikacin gwamnati ko jami'in sayen kaya na kamfani, kada ka kai komai a zaman farko, domin za a iya fassara shi da wani abu, wasu kamfanonin ma sun hana ma'aikatansu karɓa.

Inda abin yake lalacewa

Makara ita ce ta farko. Kowa ya san halin hanyar Legas, shi ya sa ba a karɓar ta a matsayin uzuri daga wanda bai yi waya ba. Da ka ga za ka makara, kira tun da sauran rabin awa, ka faɗi ainihin inda kake. "Na kusa" alhali kana Ojota shi kuma yana Ikoyi ƙarya ce da za ta tonu, kuma ita ce abu na farko da zai sani game da kai. Idan shi ne ya makara, jira minti talatin zuwa arba'in idan yana waya. Idan shiru, tura saƙo mai ladabi ka tafi. Dama ta biyu ana bayarwa, ta uku kuwa a'a.

Ta biyu, zuwa da jerin buƙatu: aiki, jari, a haɗa ka da wane. Buƙata ɗaya, ƙarama, wadda zai iya yi cikin mako guda ba tare da ya yi asara ba.

Ta uku ita ce kuɗi a zaman farko. Duk wanda ya kawo maganar kuɗin rajista, ko kuɗin fom na ɗaukar aiki, ko kafin alƙalami da za a biya yau domin "gobe kaya za su ƙare", tashi ka tafi. Gaggawa ita ce jarin ɗan damfara. Akwai kuma gayyatar da ake yi da sunan ganawar aiki, ka je ka tarar da zaure cike da mutane ana koyar da yadda za ka sayi kaya ka kawo wasu mutum biyar. Tambaya ɗaya tun a waya tana raba ka da wannan: "mu nawa ne a zaman, kuma mene ne sunan kamfanin?" Kada ka ba kowa lambar BVN, ko lambar sirri da banki ya turo, ko hoton katinka. Kada kuma ka yarda a turo kuɗin wani ta asusunka don a ba ka la'ada, domin idan kuɗin sata ne, sunanka EFCC za ta fara gani.

A manyan kasuwanni irin su Computer Village da Alaba akwai wata matsalar daban. 'Yan kamasho suna tare baƙo tun daga bakin titi, wani ma ya ce shi ne wanda kake nema ko yaronsa ne. Kira mutuminka, ka tsaya a alamar da kuka yi, ka bar shi ya fito da kansa, ka ga fuskar da ka gani a bidiyo. A cikin shagon kuma ka lura: sunan da ke jikin allo da na rasit ɗaya ne? Maƙwabta suna gaishe shi kamar mai wurin, ko shi ma baƙo ne a kan kujerar?

Bayan an rabu

Kafin ka kwanta a ranar, ko washegari da safe, tura saƙo gajere: godiya, abu ɗaya da ka ƙaru da shi daga maganarsa, da matakin da kuka amince a kai tare da ranarsa. Wannan saƙon shi ne shaidar abin da aka faɗa, tun kafin kowa ya tuna shi yadda ya ga dama. Duk abin da ka yi alkawari, lambar wani ko farashi ko takarda, ka cika shi cikin awa 48. Idan za ka haɗa shi da wani, nemi izinin wancan tukuna, kada ka tura lambar mutum haka kawai.

A littafinka rubuta abin da ba za ka so ka manta ba: sunan da yake so a kira shi da shi, garinsu, abin da yake nema a bana, ranar da ya ce zai yi tafiya.

Sai gwaji. Ciniki na farko ya zama wanda idan ya nutse ba zai karya ka ba, buhu biyar kafin tirela, aikin mako ɗaya kafin kwangilar shekara. Ko ƙarami ne a rubuta: kaya ko aikin, adadi, farashi, ranar kaiwa, wanda zai biya mota da 'yan dako, da abin da za a yi idan kaya suka iso a lalace. A biya ta banki zuwa asusun da ke ɗauke da sunansa ko na kamfaninsa, a rubuta dalilin biyan a jikin turawar. Abin lura a gwajin ba riba ba ce. Ka duba ko ya cika rana, ko yana ɗaga waya idan abu ya karkace, ko shi ke fara faɗa maka matsala kafin ka gano ta.

Zama na biyu ya zo cikin mako huɗu zuwa shida, kuma wannan karon a mazaunin ɗayanku. Idan ka je nasa, ka gayyace shi naka, ya ga rumfarka ko ofishinka, ya gaisa da maigidanka ko abokan aikinka. Tsakanin zama da zama, saƙo ɗaya a wata mai ɗauke da abin amfani ya wadatar, ban da gaisuwar sallah, ko ta Kirsimeti idan Kirista ne. Idan ya yi rashi ko ya yi haihuwa kuma ka ji, ka je da ƙafarka ko da gadar Third Mainland ce a tsakaninku. Wanda kuma gwaji ya nuna ba na haɗa kuɗi ba ne, ba sai an yi faɗa ba: ku ci gaba da gaisawa a zaure, ka daina ba da sunansa ga kowa.